Mata Masu Igiya Uku da Maganar Takobin Fareti

A arewacin tsakiyar birnin Kuala Lumpur, hedkwatar ƙasar Malesiya, akwai wata unguwa da ake kira Titiwangsa. Abin da ya fi jawo baƙi zuwa can shi ne wani tafki mai faɗi wanda aka kewaye da lambu. Asalinsa ramin haƙar kuza ne, irin waɗanda mutanen Jos da Bukuru suka sani sarai, ruwa ya cika shi, daga baya hukumar birni ta gyara bakinsa ya zama wurin shan iska. Wanda ya tsaya a bakin ruwan zai hangi tagwayen benayen Petronas sun yi tsiri a kudu. Amma in ya juya gabas ya yi 'yar tafiya kaɗan, sai ya shiga wata duniya dabam, ta masu ɗamara. A nan ne babbar makarantar horad da 'yan sanda take, wadda aka gada tun zamanin Turawa, kuma a nan kusa ne Ma'aikatar Tsaro take, a kan wani titi mai suna Padang Tembak, watau filin koyon harbi a harshen Malay.

Mai wucewa ta wannan yanki da sassafe ba zai rasa ganin mata cikin kayan soja ba. Musulmin cikinsu sukan ɗaura ɗankwali mai rufe wuya, wanda suke kira tudung, su ɗora hular soja a bisa. Waɗansu suna da igiya ɗaya, waɗansu biyu, waɗansu kuwa uku. Bahaushen da ya taɓa zama kusa da bariki ba ya bukatar tafinta kafin ya gane muƙamansu, domin kuwa sunayen ma 'yan uwan juna ne. Wanda Hausawa ke ce wa farabiti, su prebet suke ce masa. Kofur shi ne koperal, saje kuma sarjan. Dalili a fili yake: gida ɗaya aka yi goyon rundunonin biyu. Turawan Ingila ne suka kafa rundunar 'yan Malay a garin Port Dickson ran 1 ga Maris 1933, da mutum 25 kacal, don gwaji, kamar yadda Glover ya tara 'yan Hausawansa a Ikko a 1863, waɗanda daga cikinsu ne sojan Nijeriya ya tsiro.

To, a ranar babban fareti, sa'ad da aka jera sahu aka buga badujala, hafsoshi suka zare takubba suna walƙiya, ina matsayin macen nan mai igiya uku? Shin ita ma tana da takobi?

A al'adar da Malesiya da Nijeriya suka gada daga Ingila, amsar ita ce a'a, kuma ba don ita mace ce ba. Namijin saje ma ba shi da shi. Takobi na mai anini ne. Yana tafiya ne tare da takardar naɗi wadda shugaban ƙasa ko sarki ke bai wa hafsa ranar da ya fita daga makarantar hafsoshi. A Malesiya wannan iko na Yang di-Pertuan Agong ne, watau sarkin ƙasa duka, wanda sarakuna tara na jihohin Malay ke zaɓa daga cikinsu ya yi shekara 5 ya sauka, kuma shi ne babban kwamandan mayaƙa. Saboda haka in hafsa ya ɗaga takobi zuwa fuskarsa sa'an nan ya sunkuyar da tsininsa ƙasa, gaisuwa ce yake mayarwa ga mai ikon da ya ara masa. Ko ranar aurensa, 'yan uwansa hafsoshi sukan tsaya sahu biyu su gicciya takubba sama, ango da amarya su ratsa ta ƙarƙashi. Ana yin haka a Kaduna, ana yi a Kuala Lumpur.

Shi kuwa saje, tarihinsa dabam ne. Kalmar kanta ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai ma'anar mai hidima, ko bara. Wannan ya sa har yau dakarun dawaki masu tsaron fadar Ingila ba su da muƙamin saje ko ɗaya, sun ƙi sunan, sai dai su ce kofur na doki. A dā can makamin saje a rundunar ƙasa ta Ingila dogon mashi ne mai kan gatari, wanda yake gicciyawa ya daidaita sahu, ya kuma tare wanda ya yi niyyar ja da baya. An canja masa wani mashin a 1792, aka raba shi da mashi gaba ɗaya a 1830. Abin da ya rage masa na ado shi ne jan ƙyallen da yake ratayawa daga kafaɗa zuwa kwiɓi. Manyansa kuwa, watau samanjoji, suna da wata sanda mai buɗewa kamar almakashi, wadda ake auna taku da ita, inci 30 daidai, kada wani kurtu ya yi gajeren taku ya ɓata sahu.

Akwai wuri ɗaya da takobi da igiya suke gamuwa, kuma ya isa a dakata a kansa. Babban samanjan bataliya, wanda shi ne ƙololuwar abin da mai igiya zai iya kaiwa, yana rataya takobi a faretin girma, amma yana cikin kube, ba ya zare shi. Sai a biki ɗaya tak, bikin zagaya da tuta, wanda ake yi a London kowace shekara don ranar haihuwar sarki. A tsakiyar bikin samanja yakan fito daga bayan sahu, ya zare takobinsa, ya sara wa tuta, ya karɓe ta daga hannun sajen da ke tsaronta, ya miƙa wa ƙaramin hafsa mafi ƙuruciya, yaron da watakila shi samanjan ya haifi kamarsa. Malesiya ma tana yin nata bikin tutar don girmama sarkinta, rundunar nan ta 'yan Malay ce ke ɗaukar nauyinsa. Duk tsarin soja yana cikin wannan ɗan lokaci: dattijon da ya san aiki ya riƙe amana, ya miƙa ta ga yaron da doka ta ba iko, ya koma bayan sahu yana lura da shi.

Hausawa sun san irin waɗannan mutane. Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, ya koma wajen Ingilishi, ya yi yaƙin duniya na biyu har Bama, ya daɗe yana samanja, sai da ya zo barin aiki a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Yau akwai bariki mai sunansa a Lokoja. Kuma ba banza ba ne marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne, ya zaɓi samanja ya gina shahararren wasan kwaikwayonsa a kansa, bai zaɓi janar ba. Kowa ya san wa ke riƙe da bariki.

In ana son ganin mace saje da takobi zare a hannu, sai a haye teku zuwa Amurka. Rundunar nan tasu ta kundumbala, mai yaƙi a ruwa da tudu, ta ba masu igiya takobinsu na kansu tun 1859, dabam da na hafsoshi, wanda shi lanƙwasasshe ne irin na Mamluk na Masar. Daga kofur zuwa sama, duk wanda aka sa ya jagoranci sahu a biki yana iya ɗaukarsa. Mace ta farko da ta shiga wannan runduna ita ce Opha May Johnson, ran 13 ga Agusta 1918, ta kuwa kai muƙamin saje, amma aikinta na ofis ne, alƙalami da takarda. Sai bayan dokar 1948 aka ba mata damar zama sojan dindindin, aka shiga horad da su a tsibirin Parris, a keɓe daga maza. Mata sajoji ne suke horad da su, su ne kuma suke tsayawa gaban sahu da takobi ranar yaye kurata. Duk da haka, sai a 1996 aka yarda su sa faffaɗar hular nan da ake gane mai horad da kurata da ita, wadda maza suka daɗe suna taƙama da ita. Abin dariya ne a ce hula ta fi takobi wuyar samu, amma haka aka yi. An buɗe wa mata dukan ayyukan fagen fama a 2016, aka rushe bataliyar kuratan mata zalla a 2023. A rundunar mayaƙan sama kuwa, JoAnne Bass ta zama shugabar masu igiya duka a 2020, mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a kowace runduna ta Amurka.

A Ingila ma akwai kafa ɗaya: sojan doki, babba da yaro, kowa da takobinsa, tunda shi ne makaminsa na asali. Rukunin nan na masu jan igwa da dawaki, waɗanda suka ja gawar Sarauniya Elizabeth daga fadarta zuwa majalisa a watan Satumba 2022, mata suna da yawa ƙwarai a cikinsu, daga farabiti har hafsa.

Ƙasashen Malay da ƙasar Hausa ba baƙin ƙarfe mai daraja ba ne, ba su jira Bature ya koya musu ba. Su Malay suna da keris, wata wuƙa mai kaifi biyu, sau da yawa mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Ranar naɗin sarkin Malesiya akan miƙa masa Alƙur'ani, a kuma miƙa masa doguwar keris ta sarauta, ya zare ta ya sumbace ta. Wanda ya san labarin Gajere, takobin Korau da ke cikin kayan sarautar Katsina, ko takobin da Daura ke ajiye da shi da sunan Bayajida, ba zai yi mamaki ba. Ba su kuma rasa matan da labari ya ba makami ba. Mutanen Kelantan suna ba da labarin sarauniya Cik Siti Wan Kembang, wadda aka ce takan hau doki da takobi, mata mahaya suna biye da ita. A Aceh, hayin mashigin ruwa a tsibirin Sumatra, an yi Keumalahayati, shugabar jiragen yaƙi, wadda ake danganta wa kisan jagoran Holanda Cornelis de Houtman a 1599, kuma sarauniyoyi huɗu suka mulki ƙasar bi da bi daga 1641 zuwa 1699. Zazzau tana da Amina, mutum-mutuminta da takobi a ɗage yana tsaye a Ikko. Malamai kuma ba su manta da Nusaiba 'yar Ka'ab ba, wadda ta kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takobi a ranar Uhudu.

Sai dai duk waɗannan, in aka cire Nusaiba, 'ya'yan sarauta ne ko na manyan gida. Kowace al'umma tana iya haƙuri da mace guda wadda ta fita dabam, har ta yi mata kirari, ba tare da ta canja ko da ƙwayar zarra a zaman sauran mata ba. Irin wannan ne yake faruwa a yau duk sa'ad da aka ƙara wa wata mace girma zuwa janar. Jaridu su buga hotonta, a ce an ci gaba. Nijeriya ta yi nata a 1994, lokacin da Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama manjo-janar. Malesiya ma janar ɗinta mace ta farko, Roshidah Ishak, daga sashen likitoci ta fito. Ba wanda zai raina wannan. Amma likita da digirinta take shiga soja, an riga an san darajarta tun daga waje. Ita kuwa saje a ciki ake ƙera ta, daga ranar da aka yi mata rajista tana kurtu, a Dafo na Zariya ko a wani sansani na Malesiya, shekara bisa shekara, kwas bayan kwas. Runduna tana iya naɗa janar mace da takarda ɗaya. Ba ta iya samun sajoji mata ɗari sai in ta riƙe ɗaruruwan 'yan mata shekara goma ko fiye ba su gudu ba, ba a kuma kore su ba. Wanda ke son sanin gaskiyar matsayin mata a wata runduna, gidan cin abincin sajoji ya kamata ya leƙa, ya ƙirga kawuna.

A nan ne kuwa gizo ke saƙa. Shekarun da ake neman igiya ta biyu da ta uku su ne daidai shekarun aure da haihuwa da goyo. Soja kuma ba ya zama wuri ɗaya: yau Maiduguri, gobe Fatakwal, ko yau Johor, gobe Sabah, hayin teku. Da daɗewa hukumomi suna warware wannan matsala ta hanya mafi sauƙi gare su, watau sallama. A Ingila har zuwa 1990 duk macen soja da ta yi ciki sallamarta ake yi, sai da kotuna suka ce an saɓa doka, gwamnati ta biya dubban mata diyyar miliyoyin fam. A Nijeriya an daɗe da wata ƙa'ida a littafin 'yan sanda mai cewa a kori 'yar sandar da ta yi ciki ba aure, alhali ba a ce komai a kan namiji ba, har kotun ma'aikata ta yi watsi da ita a 2023. Kowace mace da aka sallama tana da igiya ɗaya, saje ce aka yi hasara bayan shekara biyar, samanja bayan goma sha biyar. Shi ya sa sama take zama fayau ko da ƙasa ta cika.

Mai sauraro yana iya cewa, to mene ne abin damuwa? In babu su, ai maza sun isa. Tarihin Malesiya kansa ya ba da amsa. A lokacin tawayen 'yan kwaminis, wanda aka yi daga 1948 zuwa 1960, hukuma ta gane cewa 'yan tawayen da ke daji da abincin ƙauye suke rayuwa. Sai aka kwashe mutane wajen rabin miliyan aka tara su a sababbin ƙauyuka masu shingen waya, ana caje duk mai fita zuwa gonar roba kada ya ɗauki ko da tafin shinkafa. Rabin masu fitan nan mata ne, kuma ba yadda za a yi namiji ya laluba jikin matar wani ba a tayar da fitinar da ta fi ta dajin ba. Dole aka ɗauki mata aikin ɗamara. Daga nan ƙofa ta buɗe, har a 1955 aka ɗauki rukunin farko na mata sufetocin 'yan sanda. Bayan shekara sittin sai ga irin wannan larura a arewa maso gabashin Nijeriya, inda tun daga 2014 Boko Haram ta shiga ɗaura wa mata da 'yan mata bama-bamai. A bakin kasuwa, a ƙofar sansanin 'yan gudun hijira, a shingen hanya, wa zai caje mai hijabi? Kuma 'yan matan sojan da aka tsayar a wurin, wa zai lura da su, ya raba musu aiki, ya tsawata wa namijin da ya nemi ya raina su, ya kai kukansu gaba? Laftana ba ya kwana a shinge kullum. Saje ce ke kwana.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fahimci wannan tun ƙudurinta mai lamba 1325 na shekarar 2000, ta kuma sa wa kanta burin cewa kafin ƙarshen 2028 mata su kai kashi 15 cikin 100 na bataliyoyin kiyaye zaman lafiya. Indiya ta aika da rukunin 'yan sanda mata zalla zuwa Laberiya a 2007. A wannan shekarar ce Malesiya ta fara tura sojanta kudancin Labanan, kuma rukunonin da ta riƙa aikawa sun haɗa da mata. Da ma Malesiya da Nijeriya tsofaffin hannu ne a wannan aiki, sun haɗu a Kwango tun 1960.

Inda ba a daidaita ba shi ne yadda za a tsara su. Ingila ta kafa rundunar mata ta musamman a 1949, ta rushe ta a 1992 ta rarraba matan cikin sauran sassa, a 2018 kuma ta buɗe musu kowane aiki. A daidai wannan shekara ta 2018 ne sojan ƙasa na Nijeriya ya kafa tasa rundunar matan. Wani zai ce an koma inda wasu suka baro. Amma akwai hujja ta kowane gefe. Rukunin mata zalla yana samar da kujerun saje da samanja waɗanda ba mai ƙwace musu, kuma iyaye a Kano ko Kelantan sun fi sakin jiki su bar 'yarsu ta shiga. Illarsa ita ce samanjan mata ba ta taɓa ba namiji oda ba, saboda haka ranar da aka zo zaɓen babban samanjan bataliya, mai rataya takobin nan, sai a ce ba ta da gogewa. Keɓewa tana da amfani in matakala ce, in ta zama ɗaki mai rufi kuwa ta cuci waɗanda aka ce ana taimako.

Ta fuskar anini dai an riga an wuce wurin. Makarantar hafsoshi ta Kaduna ta karɓi 'yan mata 20 a kwas ɗin mayaƙa na dindindin a 2011, waɗanda suka kai ƙarshe suka fita da takubbansu bayan shekara biyar, ko da yake a 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu kan labarin cewa za a rufe wannan ƙofa. Hanyar mai igiya ta fi tsawo nesa. Masu tsaron tsohuwar hasumiyar London, masu jajayen riguna da 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonsu, ba a ɗaukar kowa cikinsu sai wanda ya yi shekara 22 yana soja, ya kai matsayin samanja, ya kuma fita da lambar kyakkyawan hali. An kafa su tun 1485. Sai a 2007 aka samu mace ta farko da ta cika sharuɗɗan aka ɗauke ta, Moira Cameron, mutuniyar Sikotilan, wadda ta shiga soja tana budurwa ta fito tana da shekara 42.